Sahun Tafkin Kalabil

Tarwaɗa kawai Tota Miya ya fita nema. Matarsa Parul ta haihu, nono ya ƙi zuwa, uwarsa kuwa ta ce babu abin da zai kawo shi sai romon tarwaɗa da ɗanyar gwanda. Ran nan ne aka buɗe tafkin Kalabil, ranar da mazan ƙauyuka ke jeruwa sahu guda su ratsa ruwan da kwandunan kamun kifi. Tota bai samu zuwa ba, yana ta zarya tsakanin gidan ungozoma da shagon magani. Da yamma ya bi maƙwabta gida-gida. Kowa ya kama kifi, amma babu mai tarwaɗa. Abokinsa Jomir har da tsiya, wai daga haihuwar fari ya zama ɗan aiken mata, ya bari sai safe su je tare.

Tota ya tsaya a tsakar gida ya saurari kukan jaririn. Muryar ta fara dishewa. Ya ɗauki kwandonsa ya fita.

Kwandon na gora ne, mai faɗin baki a ƙasa da ƙaramar ƙofa a sama. Kifa shi ake yi cikin laka, a zura hannu ta ƙofar a lalubo abin da aka rufe. Tota ya tattare zanensa ya ɗaure a ƙugu, ya shiga ta gefen da ake yafa irin shinkafa. Rana ta yi ja. Ruwan ya dame da sawun jama'a, yana warin taɓo da ruɓaɓɓen bado. Ya kifa nan, ya kifa can. Katantanwa. Tsinke. Ba komai.

Sai ya ji cab. Can kuma, cab.

Ƙarar kwanduna ce masu yawa suna sauka tare. Cikin hazon da ke tasowa daga ruwa ya hango sahun mutane, dogo, suna tafiya a hankali. Ya ɗauka mutanen ƙetare ne da suka makara, har ya ji sanyi a ransa, don mai kamu shi kaɗai kifi zagaye shi yake yi. Ya matsa ya yi sallama. Ba wanda ya amsa, amma biyu daga ciki suka ja jiki, suka bar masa wuri. Ya shige.

Cab. A zura hannu. A ɗaga. A taka gaba.

Sun ɗan yi nisa kafin ya lura da shirun. Kamun kifi irin wannan ba a yin sa sai da waƙa da zage-zagen wasa. Nan ko tari babu. Na damansa dattijo ne, ya naɗe kai da baki da wani tsumma, yana wari irin na randar da aka daɗe ba a buɗe ba. Kowa na zura hannu a kwando, amma Tota bai ga wanda ya jefa komai a jaka ba.

Ya rage murya ya ce, "Baba, daga wane gari kuke?"

"Nan."

Ruwa ya kawo masa cibiya. Daga nesa ya jiyo kiran sallar magariba, siriri, kuma ta gefen da bai zata ba. Ya ce bari ya juya.

"Kada ka karya sahu," in ji dattijon, bai ko dube shi ba.

Ƙafafunsa suka ci gaba da kansu. Ya daina jin sanyi. Wani barci mai daɗi ya fara fizgarsa, har ya nemi sunan matarsa a ransa ya rasa.

Ruwa ya kawo ƙirji.

Ya kifa kwando, ya nutsa hannu har kafaɗa. Wani abu mai santsi ya motsa. Ya damƙe, ƙayar tarwaɗa ta shige tafin hannunsa. Zafin ya harba har ƙeya, idonsa ya buɗe.

Babu kowa a damansa. Babu kowa a hagunsa.

Sahun ya lanƙwaso ta gefe biyu, bakinsa ya haɗu. Tota ya san wannan, haka ake yi in an kora kifi wuri guda. Ya duba tsakiyar da'irar. Babu abin da ke motsi a ciki sai shi.

Suka ɗaga kwanduna. Cab. Suka matso.

Ya buɗe baki zai yi addu'a, haƙoransa suka hana shi.

Cab.

Na bayansa bai gan shi ba. Sai ji ya yi gora ta sauko masa a kai, ta matse kafaɗunsa, ta danna shi ƙasa. Ta ƙofar sama hannu ya shigo. Ya shafa gashinsa. Ya bi kunnensa. Yatsun suka gangaro ƙarƙashin muƙamuƙinsa a natse, suna neman wurin da ake riƙe kifi.

Tota ya yi abin da ya sha ganin tarwaɗa ta yi. Ya nutse, ya cusa fuska cikin laka, ya murɗa jiki ta ƙarƙashin bakin kwandon. Gora ta yage masa baya. Ya ja ciki cikin duhu, yana cin karo da ƙafafu masu sanyi, a kafe cikin taɓo kamar turaku. Ya kutsa tsakanin biyu. Wani abu ya kama zanensa, ya bar masa shi.

Ya ɓullo cikin hayaniya, fukafukai na dukan fuskarsa. Garken agwagi ne, Sobor Ali mai kiwonsu yana kora su gida a kwalekwale. Tsohon ya kamo gashin Tota ya jawo shi ciki, ya rufa masa buhu, ya ce kada ya waiwaya. Shi ma bai waiwaya ba, ya dinga tuƙi yana salati ciki-ciki. Da ya ga kifin a hannun Tota ya ce ya mayar musu da abinsu. Tota ya ƙanƙame shi a ƙirji ya girgiza kai.

An dafa romon, nono ya zo. Tota ya kwanta zazzaɓi, ya tashi da tabo biyu baƙaƙe a ƙarƙashin haɓa. Parul kaɗai ya faɗa wa. Ya bar kamun kifi, ya kama aiki a injin cashe shinkafa.

Da shekara ta zagayo aka sake buɗe Kalabil, ya tsaya kan gaɓa tare da Parul suna kallo. Sahu ya miƙe, ana waƙa ana ihu. A hagun Jomir akwai giɓi daidai faɗin mutum ɗaya. Har aka ƙetare ba wanda ya cike shi.

Da yamma Jomir ya shigo gidan da kifi a igiya, ya ajiye wa Parul, ya ce rabon mijinta ne da ya tafi ya bari.

Parul ta ce ai bai shiga ruwa ba, tare suke tun safe.

Jomir ya yi dariya ya dubi Tota. "Wa take rufa wa asiri? Kana gefena har ƙetare. Sai dai yau ka cika shiru, ina ta zolayarka ko kallona ba ka yi ba."