Ranar Gwajin Gada

"Ita ce ta tsaya da kai? To ni a zaune nake duk shekarun nan?"

Gimbiya ta wurga lambar yabon kan kujera, ko mayafi ba ta cire ba. Dawowarsu ke nan daga taron da ƙungiyar injiniyoyi ta karrama mijinta. An lissafo gadojin da ya zana, da madatsun ruwa, da manyan da ba sa aza tubali sai sun ji shawararsa. Ta yi tafi har hannunta ya yi zafi. Sai da ya tashi godiya ya ɓata mata rana: ya ce yana gode wa mataimakiyarsa, wadda ta tsaya da shi ƙarƙashin kowace gada.

Injiniya, Allah ya ji ƙansa, yana da wata ɗabi'a. Ranar gwajin sabuwar gada, idan za a hau da manyan motoci shaƙe da duwatsu, ba ya tsayawa gefe kamar kowa. Ƙarƙashi yake shiga. Cewa yake wanda ya yi lissafi shi ya kamata ya fara miƙa wuyansa.

"Haba Gimbiyata... aiki ne fa," in ji mijin.

"Aiki! Mai Gilashi ta yi aiki, ni kuwa wasa na yi ko?" Sunan da ta laƙaba wa matar ke nan.

"Baiwar Allahn nan da mijinta, har da jika."

"Ko da tattaɓa-kunne ne! Ni ban ce aurenka za ta yi ba, wurina ta tsaya. Wa ya bar maka teburin cin abinci ka shimfiɗa zanenka, ni da yara muna ci a ƙasa? Ka taɓa ce mini zo mu je, Abban yara? Ko sau ɗaya?"

Ya sunkuyar da kai. 

"Gwajin da za ku yi gobe, ko ka je da ni, ko ka dawo ka tarar da gida babu ni."

"Ba za ki je ba."

"Za mu gani!"

Washegari da hantsi ta bi bayansa. Laka ta cinye mata takalmi ɗaya, ta cire ɗayan ta riƙe a hannu. Motocin sun yi layi a bakin gada suna ruri. Ta hango shi a ƙasa da farar hular kwanonsa, Mai Gilashi na gefensa tana duba na'ura. Zuciyarta ta tafasa. Ta gangara, ta ratsa tsakaninsu ta tsaya.

Da ya juyo ya gan ta, sai ya ɗaga murya.

"Ku tsayar da motoci! Na ce ku tsaya!"

 Mai Gilashi ta dube shi, ta dubi Gimbiya, sai ta yi murmushi.

"Yaya, tun da nake aiki da shi ban taɓa jin ya tsayar da mota ba. Ni ko gadar za ta faɗo mini, cewa yake lissafi daidai ne. Yau kin zo, ya daina yarda da lissafinsa."

Ta cire hularta ta ɗora wa Gimbiya, ta koma gefe.

"Ki fita, don Allah," ya ce. "Ni da kaina na iya yin caca. Da ke ba zan iya ba..."

"To ai sai ka koya yau, tsoho."

Ya daɗe yana kallonta kafin ya ɗaga hannu. Motoci suka hau. Ƙura ta dinga zubo musu, ƙarar kamar sama za ta tsage. Bai kalli na'ura ba ko sau ɗaya, hannunta kawai ya damƙe har zobenta ya shige mata fata.

Ita ce gadarsa ta ƙarshe. Kafin shekara ta zagayo ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Aka sa wa gadar sunansa.

Ranar da ɗansu ya kai ta gani, ta shafa allon da aka rubuta sunansa, hawaye na zuba.

"Dube ta... ita gadar an bar mata sunansa," ta ce. "Ni fa, me aka bar mini?"