Jika Goma a Goshin Raihanatu

Takardar kuɗi ce ta jika goma na sefa, sabuwa ƙar, gumi ya riƙe ta a goshin Raihanatu kamar an shafa mata ƙaro.

Waƙar da take rerawa ta yanke...

Gidan matasan Birnin Ƙonni ya cika maƙil bayan la'asar, ana tsakiyar wasan kwaikwayo na waƙa. Ita ta fito a matar da mijinta ya tafi cirani ya manta da gida. Ga Fahad, ɗan baffanta, ya hau dandali da bandir ɗin kuɗi a hannu yana murmushi, ya sake zaro wata ya manna mata. A layin gaba kuwa mahaifinta, Alhaji Sharifu mai manyan motoci, ya ƙame a kujera kusa da wansa.

Kada ku ce kyauta ce. Wallahi mugunta ce tsantsa, aka saka mata babbar riga.

A ƙungiyar wasan nan kowa ya san wanda ake biya. In magajin gari ya ba da ɗan abin da ya samu, makaɗa ake sallama, da mai lasifika, da mai kujeru. 'Yan wasa da mawaƙa sai ruwan leda da "Allah shi yi albarka". Liƙi ma na makaɗa ne, su ke tsince shi. A kan haka Alhaji ya bar ɗiyarsa ta shiga: ta yi waƙa don wayar da kan jama'a, amma ranar da dala ta taɓa jikinta ta zama zabiya, shi kuwa bai haifi zabiya ba.

Sharaɗi na biyu a kan Halilu yake. Halilu mai gyaran injin ban-ruwa ne, masu albasa har daga Tsarnawa ke nemansa, amma jikan makaɗin garin Badaguishiri ne, kuma in ya ɗauki gurmi sai ka manta da tukunya a wuta. Da ya nemi auren Raihanatu, Alhaji ya faɗa a gaban 'yan'uwansa cewa ga mai gyaran inji zai ba ɗiya, ba ga maroƙi ba. Ya kaɗa don sha'awa, amma in ya karɓi ladan kiɗa ko sau ɗaya, magana ta mutu. Shekara biyu cur Halilu na kaɗa wa ƙungiyar kyauta, abokansa na yi masa dariya. Saura wata guda a sa rana.

Fahad ya san wannan duka. Tun da ta ce masa ita a yaya ta ɗauke shi yake neman inda zai soke ta.

Yanzu in ta sa hannu ta cire, ta karɓa. In ta bar su, gari ya ga an yi wa ɗiyar Alhaji liƙi. Sauran makaɗan sun sunkuyar da kai, ba mai son shiga tsakanin Alhazawa. Wayoyi sun tashi sama ana ɗauka. Tsoro ya cika ta har ba ta ganin mutane sosai.

Gurmi ya yi shiru.

Ta ga Halilu ya miƙe. Ta gane abin da zai yi, ta girgiza masa kai, hawaye na zubo mata.

"Halilu, kar ka... don Allah, masoyina, kar ka taɓa."

"Yi haƙuri, sanyin idona," ya ce a hankali. "Ba ni iya kallo."

Ya sa yatsa biyu ya zare takardun daga goshinta, ya ɗaga su sama, ya matsa kusa da lasifika.

"Mun gode, Fahad ɗan Alhaji Alamin. Liƙi na makaɗi ne, ni ne makaɗin, na karɓa."

Ya cusa su a aljihu a gaban kowa, ya koma ya ɗauki gurminsa. Jama'a suka tafa, don su a ganinsu an fitar da yarinya kunya. Alhaji ya tashi ya fita bai waiwayo ba. Raihanatu ta ƙarasa waƙar matar da aka bari, mata na ta share hawaye suna cewa yarinyar nan ta iya wasa.

Washegari da hantsi aka taru a zauren Alhaji. Raihanatu na bayan labule, kwana ta yi ba ta runtsa ba. Baffa Alamin, wan mahaifinta, ya buɗe baki da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ga shi jini ya nuna. Ya ce a mayar wa mutanen Halilu kayansu yau, ai ga Fahad a gida, tuwona maina. Halilu na durƙushe bakin ƙofa. Aka tambaye shi ko ya tuna sharaɗi, ya ce ya tuna, kuma ba shi da abin cewa. Sai Alhaji ya yi magana. Daga muryarsa ta ji ba son ransa ba ne, amma ya ce magana zarar bunu ce, ya riga ya furta a gaban manya.

Ba ta san lokacin da ta ɗage labulen ba. Ta zube a gwiwa.

"Baba, ka gahwarce ni. Sharaɗi biyu ka sa, ba guda ba."

"Tashi ki ba mu wuri!" in ji Baffa.

Ba ta tashi ba.

"Kuɗɗin nan goshina suka fara taɓawa kahin su kai hannunshi. Gari duka ya gani, yana cikin wayoyi. In shi maroƙi ne, ni zabiya ce tun jiya... Baffa, za ka ɗaura ma Yaya Fahad aure da zabiya?"

In Baffa ya ce e, ya rushe hujjarsa. In ya ce a'a, ya zagi jininsa, kuma hannun ɗansa ne ya yi aikin. Dattijo da furfura ya hau gyaran hula kamar ita ta yi laifi.

Alhaji ya ɗago ya dubi wansa, idonsa ja wur.

"Yaya, ɗanka ya hau dandali ya tozarta min ɗiya. Ina zaune, kana zaune, ba wanda ya motsa cikinmu. Ɗan mutane ne ya tashi, kuma ya san abin da za shi rasa."

Sai ya juya bakin ƙofa.

"Halilu."

"Na'am, Baba."

"Daga yau in an biya makaɗa, ka karɓi haƙƙinka, za ka ciyar da iyali. Tahi ka ce ma magabatanka su zo ran Juma'a."

Halilu ya duƙa har ƙasa don godiya. Raihanatu ta kifa fuskarta a ƙafar mahaifinta ta fashe da kuka, shi kuma ya ɗora hannu a kanta bai ɗauke ba.