Kada Ki Matso, Darka

Aikina kai baƙi ƙauyukan Chernobil da aka kwashe mutanensu bayan fashewar tashar nukiliya. Ran nan da almuru na zame ni kaɗai, na leƙa tsohon gidanmu. Wani mutum na tsaye a ƙofa, ciyawar da ya taka ko lanƙwasa ba ta yi ba.

"Bawan Allah, ba a kwana a nan," na ce.

Ina matsawa, na'urar auna tururin nukiliya ta kama ihu a aljihuna. Rabona da jin irin ihun nan tun ina ƙarama, a ƙofar ɗakin asibitin da aka kwantar da babana, bayan ya kashe gobarar tashar. A ɗakin ya rasu, ba a bari ya taɓa ni ba.

Mutumin ya ja da baya, ya ɓoye hannayensa.

"Kada ki matso, Darka. Har yanzu ba a yarda in ɗauke ki ba."