Tsagar da Ta Ƙi Shiga Rahoto

Sati uku ke nan da Marlene Hostetler ta karɓi lasisin duba gidaje. Mai son sayen gida shi ke ɗaukarta ta leƙa ko'ina, daga rufi har tushe, ta rubuta masa gaskiyar abin da ta gani. Har lokacin ba ta tsayar da abin da za ta riƙa rubuta rahoto da shi ba. Ta dai sayi kwamfutar hannu mai ɗaukar hoto, mai jera komai da kanta. Vern, dattijon da ya koya mata aikin, ya turo mata kwalin tsofaffin fom ɗinsa na takarda, masu kabon, shafi uku-uku, abin da aka rubuta a na sama ya fito a na ƙasa.

"Haba tsoho, wannan ai na zamanin kakata ne," in ji ta.

"To, 'yar zamani. Jefa a bayan mota, ba cizo yake yi ba."

Ranar Alhamis da yamma ta je wani gida a ƙarshen titin Locust, gindin tudun tokar kwal. Wata ma'aikaciyar jinya mai 'ya'ya biyu, Renita, ita za ta saya. Gil, dillalin gidan, ya miƙo mabuɗi ta tagar motarsa, ko injin bai kashe ba.

"Ba za ka shigo ba?" Marlene ta tambaye shi.

"Ina da wayar da zan yi. Ki dai yi sauri, Madam. Mutum biyu sun duba kafin ke, duk sun ce lafiya lau."

Rufi ba laifi. Famfo da wayoyin wuta ma haka. Rana na shirin faɗuwa ta buɗe ƙofar ɗakin ƙarƙashin ƙasa ta sauka.

Warin jiƙaƙƙen kwal ya tare ta, da wani ƙauri kamar na ƙonannen gashi. Ruwa na ɗiga a wani lungu, ɗis, ɗis. Ta haska tocila a bangon arewa. Tsaga ce tun daga sama har ƙasa, hannu zai shiga. Iska mai sanyi na fitowa daga ciki kamar numfashi. Ta fito, ta koma. Ta fito, ta koma.

Marlene ta ɗauki hoto, ta rubuta: "Babbar tsaga a bangon arewa. Akwai haɗari."

Ta duba allon. Abin da ke rubuce shi ne: "Bango lafiya lau." A hoton kuwa bangon sumul yake.

Ta goge, ta sake rubutawa. Wannan karon a kan idonta haruffan suka riƙa ɓacewa, ɗaya bayan ɗaya. Can ƙasan shafin sa hannunta ya fara fitowa, alhali ba ta taɓa wurin ba.

Ɗigar ruwan ta tsaya.

Ta kife kwamfutar a ƙasa ta haura da gudu. A waje ta tsaya tana haki, hannunta a kan ƙofar motarta. Mabuɗin motar na aljihunta. Sai ta tuna da safe Renita ta ce mata yaran har sun raba ɗakuna.

Ta buɗe bayan mota, ta zaro fom guda da biro.

"Kin gama?" Gil ya ɗaga murya.

"Ban ma fara ba."

Ta koma ta sauka. Sanyin ya ƙaru, har tana ganin tururin numfashinta. Ta ɗora fom ɗin a gwiwa, ta maƙale tocila a hammata.

"Rubuta cewa lafiya lau."

Raɗa ce, daga cikin tsagar. Murya kamar ana jan shebur a kan tsakuwa.

"Abin da na gani zan rubuta," ta ce. Ta ɗora biro a kan fom ɗin.

"Bar yaran su zo."

"Ba za ka gan su ba."

Wani abu ya damƙe wuyan hannunta na dama. Yatsu ne, dogaye, jiƙaƙƙu. Ta duba, ba ta ga komai ba, amma fatar ta lotsa wuri huɗu. Biron ya fara tafiya da kansa. L. A. F.

Ta sa hannun hagu ta fizge biron. Ta soke haruffan. Ta danna da ƙarfi har takardar ta huje: TSAGA. KADA A SAYA.

Tocilar ta mutu.

Numfashin ya dawo daidai kunnenta.

Aka fizgi fom ɗin. Ta riƙe. Shafin sama ya yage ya tafi cikin duhu, biyu na ƙasa suka rage a hannunta. Ta cusa su cikin riga.

Matakala. Ɗaya, biyu, uku. Ta huɗu ta karye. Ta rarrafa. Hasken ƙofar na tsukewa a hankali.

Ta kai wa ƙofar kafaɗa.

Ta faɗo tsakar kicin, ta miƙe, ba ta waiwaya ba. Da ta fito, motar Gil ba ta nan.

A ƙarƙashin fitilar titi ta ciro shafukan. Rubutunta na nan, karkatacce, shuɗi, bai goge ba. A daren ta kai wa Renita ɗaya a wurin aikinta. Da safe ta kai ɗayan ofishin kula da gine-gine na gari, ta zauna a benci ta ce ba inda za ta sai an tura mutane.

Da aka fasa bangon, bakin tsohon ramin haƙar kwal aka tarar, wanda babu shi a taswirar kowa. Sun jefa dutse, ba su ji saukarsa ba. Aka rushe gidan, aka zuba siminti mota tara.

Hannun Marlene na dama bai sake ɗumi ba daga wuyan hannu zuwa yatsu. Likitoci biyu sun duba, ba su ga komai ba. Gil ya bi dillalan gari yana cewa kada su kira ta, mai kashe ciniki ce. Da maganar ta iso kunnenta, sai ta je wurin mai fenti ta sa ya rubuta mata shi a ƙofar mota, ƙarƙashin lambar wayarta, da manyan haruffa: MAI KASHE CINIKI.