Tabaran Ƙasan Akwati

"Buɗe idon na gani, Mohira."

"Hayaƙin tanda ne, Yaya Sanjar... ba komai."

"Wane irin hayaƙi ne mai zaɓar ido ɗaya?"

Ta juya wa mijin nata baya, ta ci gaba da sharar tsakar gida. Tun da aka kawo ta amarya gidan nan na garin Namangan, ba ta taɓa cire siririn gilashin nan da ake liƙawa a ƙwayar ido ba, da shi take kwana da shi take tashi. To ina za ta cire? In ta cire, ko fuskarsa ba za ta gane ba sai da tabarau masu kauri kamar gindin kwalba. Su kuwa tabaran, mahaifiyarta ta cusa su can ƙasan akwatin kayan aure, ta ja mata kunne: "Surukarki ba ta son mai tabarau, wai kada a haifa mata jikoki makafi. Ki rufa mana asiri, 'yata."

Ita dai ta rufa, idon hagu ne ya ƙi ba da haɗin kai.

Da hantsi ta durƙusa za ta zuba wa surukarta shayi, sai ga ruwan zafi a kan shimfiɗa, kofi na gefe guda.

"Yau kuma shimfiɗar ce ke jin ƙishi?" in ji tsohuwar.

Sanjar ya ja hannun matarsa sai asibiti.

Likitar ta haska idon, ta ɗago a hankali. "Da gilashin kike barci?"

Mohira ta sunkuyar da kai.

"Haba ƙanwata... ido ma iska yake sha. Kin toshe shi har ya yi gyambo. Za mu tsayar da ciwon, amma tabon zai zauna, ganin wannan idon ba zai dawo yadda yake ba. Ke da gilashin liƙawa kuma kun yi sallama."

A bencin waje kukan ya ƙwace mata. Tsoro ne fal cikinta, na idon da na auren.

"Ka mayar da ni gidanmu kafin Inna ta kore ni. Mun yaudare ku, Yaya... ni ba na gani."

"Na sani."

Ta ɗago a firgice.

"Ranar da na fara ganinki a tashar mota, kina goge tabaranki da bakin gyale, ruwan sama ya jiƙa su. Waccan yarinyar na roƙi Inna ta nemo min." Ya matso kusa da ita. "Kullum ina jiran ki fito da su da kanki. Na yi shiru ne don kada na ba ki kunya, masoyiyata... ashe idonki nake bari yana ruɓewa."

Ya zaro tabaran daga aljihu, tun da safe ya tono su daga akwatin. Ya ɗora mata su a fuska.

"Inna fa?"

"Da su za ki zuba mata shayi gobe. Ni zan riƙe kofin."

Ta dube shi. Da idon dama ta ga hawayensa tar. Ta sa tafin hannu ta rufe na daman, ta neme shi da na hagun, ba ta ga komai ba sai hazo.