Laimar Kwaɗi a Miyar Inna Ɗela

Rumaisa na cikin auna yara masu tamowa a likitar Bande, sai ga wani saurayi ya ajiye moto ya shigo da kwali. Ta ɗauka magani ne. Tana buɗewa ta yi tsalle baya har sikeli ya kife.

"Innalillahi! Laimar kwaɗi ka kawo mana?"

"Ni nake noma ta," in ji shi, yana danne dariya. "Sunana Munir, daga Dogo-Dogo. Noma na karanta a Damagaram."

Ya ɗaga wata mai faɗi kamar kunne, ya ce ta fi sinadarin ƙara jini da abin gyara ciki. Ya ɗaga wata fara mai dunƙulallen kai, ya ce ita kuma ta fi bitamin B2, kuma duk wadda ta sha rana tana samun bitamin na ƙarfin ƙashi. Rabin bayanin Rumaisa ta ji, don idonta na kan wushiryarsa. Kwalin dai ba ta karɓa ba, amma lamba ta bayar.

Cikin wata uku har ta ci, har ta nemi ƙari. Saƙo kuwa ba a magana.

"Ruma tawa, yau sun tsiro arba'in, kowacce na tambayar yaushe uwar gida za ta tare."

"Manomina, ka ce musu su yi haƙuri, Baba ne bai san da su ba."

Bai daɗe bai sani ba. Laminu, mai shagon kayan moto a Magarya, wanda ya shekara yana zarya Rumaisa ba ta ko ɗaga kai, shi ya kai wa mahaifinta, Malam Abdullahi, tsegumi. Malam ya tura ƙanensa Hamisu bincike. Hamisu ya dawo hula a hannu, ido waje.

"Yaya, ɗaki ne mai duhu, ga laima, ga ledoji rataye cike da jiƙaƙƙen karan hatsi. Abin nan na fitowa ta gefe kamar kunnuwa. Wallahi da baya-baya na fito!"

"Abin da ya kusa kashe maƙwabcinmu a Guci?" Malam ya daka tsawa. "Shi zai ciyar min da 'ya? An gama magana!"

Rumaisa ta yi kuka har idonta ya kumbura. Kwana biyar ba ta amsa wayar Munir ba, don ba ta san me za ta ce ba, shi kuwa ya ɗauka ta zaɓi mai shago. Saƙo ɗaya ya turo: "In Laminu ne, Allah ya sa alheri. Amma ki faɗa min da bakinki."

Da ta karanta, sai ta ɗauki mayafi ta nufi Guci wurin kakarta, Inna Ɗela, mahaifiyar Malam. Tsohuwa ta saurara tana taunar goro.

"A kira min yaron. A kira ubanki ma."

Ran kasuwar Guci da hantsi aka hallara. Damina ce, tun asuba tsohuwa ta shiga daji. Ta aje faifai gaban Munir, ta zuba laimar kwaɗin da ya kawo iri biyu, ta ƙara wasu biyu daga haɓar zanenta.

"To mai son ƙwace min jika, karanta min."

Munir ya durƙusa. Ya yi bayanin nasa, sannan ya ɗauki wata mai doguwar jijiya.

"Wannan ta gindin suri ce, Kaka, gara ke rainonta. In aka busar da ita, tana da abin gina jiki sosai. Ba za ta maye nama ba, amma tana riƙe yaro."

"Ta huɗun fa? Ci mu gani."

Rumaisa ta zuba masa ido. Ta san in ya ƙi, Baba zai ce bai san sana'arsa ba. Munir ya juya ta, ya duba ƙarƙashinta, ya aje.

"Ku gafarce ni, ban san wannan ba. Abin da ban sani ba kuwa, ba ya shiga bakina, balle na Rumaisa."

"Da ka ci, da likita za a kwashe ka," in ji tsohuwa. "Ita ce ta kayar da maƙwabcinmu."

Ta juya ga ɗanta, ta ɗaga ta gindin surin.

"Kai kuma Audu, shekarar da rumbu ya ƙare tun kafin shuka, da me kake tsammani na yi muku miya? Ita nake shanyawa a bayan ɗaki, in daka, in zuba a kuka. Har kwano kake lashewa kana cewa na samo nama."

Malam ya buɗe baki ya kasa rufewa. Hamisu ya dafe ƙirji.

"Inna... har da ni?"

"Kai ka fi kowa ci."

Rumaisa ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba sai ranar. Ya daɗe yana kallon hannun uwarsa, sannan ya ce da Munir, "Ka turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Bande. Inna Ɗela ta kori kowa daga gindin tukunya ɗaya, ta ce wannan tata ce. Da aka kai wa maza, Malam Abdullahi ya sa loma, ya runtse ido.

"Ita ce," ya ce. "Miyar waccan shekarar ce."

Ya sa aka kira ango da amarya, ya ɗora hannu a kan Rumaisa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu lashe kwano. Hamisu, miƙo min sauran."