Saƙon da Ya Kwashe Shaddar Hajiya Hure

Ranar da Hajiya Hure ta dawo daga Dubai, ko gida ba ta leƙa ba, sai Babbar Kasuwa. Ta sa aka buɗe sito, ta tarar da rabinsa wayam. Dilolin shaddar da ta tanada don Sallah sun yi ƙafa. Malam Yahaya, ƙanin marigayi mijinta, wanda ke riƙe mata shago tun 'ya'yanta na goye, ya ce ai ita ta aiko saƙo ta waya cewa a ba wani mai a-kori-kura kayan. Nan take, a gaban 'yan layin atamfa kaf, ta fizge makullai daga hannunsa, ta kira shi ɓarawo.

Maganar ta faɗo teburin Sufeto Furera. A lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, salula kuwa sabuwar amarya ce a Katsina, layi ɗaya ya fi ragon layya tsada. Furera 'yar Gobarau ce, irin matan da ba sa ɗaga murya don ba su da bukata. Ganin dattijo kamar Malam Yahaya a kan benci, kai a sunkuye, ya sosa mata rai matuƙa. Amma ba ta bari ya gani ba.

Ta karɓi wayarsa. Saƙon na nan, da sunan "Hajiya" ɓaro-ɓaro a samansa.

"Baba, ba ka kira ta ka tabbatar ba?"

"Na kira, ɗiyata, a rufe. Na ce halinta ne, ba ta son a ci mata kuɗi."

Aka shigo da Hajiya Hure, tana huci.

"Hajiya, da wane layi kika yi tafiya?"

"Ina da hankalina in tahi da layina? Romin suke ce mashi: ko kiranka aka yi, kai za ka biya. Sim ɗin na cire, na kulle a akwati. Can na sayi nasu mai araha. Da sahe in yi ma ɗiyata Na'ima filashin, ita kuma ta tahi wurin mai lemar kiran waya ta kira ni da katin kiran ƙasar waje."

Wannan ba baƙon labari ba ne. Duk kasuwa an san Hajiya na iya yi wa likita filashin tana kan gadon asibiti.

"Wa ya koya miki wannan dabara?"

"Babaji mai lema, na bakin ƙohwa. Shi ya buɗe mani wayar ma don ta karɓi sim ɗin can. Yaron kirki."

Idan saƙo daga layin Hajiya ya fito, layin kuma yana gida, to sai a duba 'yar gida. Furera ta je ta sami Na'ima, ta duba akwatin. Kwaɗo lafiya lau, ba alamar taɓawa.

"Makullin fa?"

"A wuyan Inna yake, ranki shi daɗe. Har Dubai ya je ya dawo."

Furera ta cire ta daga zargi. Saura Malam Yahaya, kuma duk ofis sun riga sun yanke masa hukunci. Ita kuwa wani abu ya tsaya mata: sim yana kulle, makulli na ƙetare, amma ga saƙo. To ko dai aljani ne, ko ba daga layin ya fito ba. Furera ba ta taɓa kai aljani kotu ba.

Ta sa Hajiya ta mayar da sim ɗinta, ta ajiye wayar a kan tebur. Ta ɗauki ta Malam Yahaya, ta danna "Hajiya". Wayar Hajiya ko tari ba ta yi ba. Furera ta buɗe sunan, sai ga wata lamba daban a ƙarƙashinsa.

"Baba, wa ke taɓa wayar nan ban da kai?"

"Ba kowa. Sai dai caji. In babu wuta ina barin ta wurin Babaji."

"Yaushe rabonka da kai ta?"

"Tun kahin a kwashe kayan. Wuta ta zauna mana kwanan nan, abin har ya ba mu tsoro."

Furera ta sauya kaya, ta yafa gyale, ta nufi bakin ƙofar kasuwa. Babaji na ƙarƙashin lemarsa, wayoyin kira jere a gabansa, jama'a na biya suna magana. Ta ce za ta kira ƙanwarta. Ya miƙa mata waya, ta kira tata da ke cikin jaka, ta ce ba ta shiga, a ba ta wata. Da ta gwada wadda ya ciro daga aljihu, ta leƙa jakarta, sai ga lambar nan ta fito.

"Malam Babaji, naɗe lemar. Yau an tashi kasuwa."

A ofis ya fara rantse-rantse. Furera ta bar shi ya gaji, sannan ta warware masa zaren a gaban kowa.

"Shawarar da ka ba Hajiya mai kyau ce, shi ya sa ta yi maka aiki. Ka san layinta zai yi shiru har ta dawo, ka san ba Baba take wa filashin ba. Da ya kawo caji, ka goge lambarta ka sa taka a ƙarƙashin sunanta. Ka aika saƙo, ka kashe layin, ka tura mota. Niyyarka in ya dawo caji ka mayar da lambar, ka share saƙon, a bar dattijo da rantsuwa ba shaida. Sai wuta ta ƙi ɗaukewa. Sim ɗin kuma ka kasa jefarwa, don ka san kuɗinsa."

Babaji ya zube, ya amsa laifinsa. Kafin la'asar an samo dilolin a wani kango, an kamo mai motar.

Hajiya Hure ta yi tsuru-tsuru. Ta zaro makullai daga jaka, ta miƙa wa Malam Yahaya da hannu biyu.

"Yahaya, ka yahe mani."

Dattijon ya miƙe, ya gyara hularsa. Bai ko kalli makullan ba.

"Na yahe, Hajiya, duniya da lahira. Amma ba nan kika kira ni ɓarawo ba."

Furera ta ji wani daɗi ya cika mata ƙirji, har ta yi kamar tana neman biro don kada a ga fuskarta. Washegari da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika maƙil, ta tsaya daga gefe da kakinta a goge. Hajiya Hure ta tako har tsakiyar layin atamfa, ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Jama'a, ku shaida! Ni Hure na yi ma wanga bawan Allah ƙazahi. Yahaya bai taɓa cin ko zare nawa ba."

Malam Yahaya ya bi fuskokin maƙwabtansa da kallo ɗaya bayan ɗaya, kansa a sama, sai da kowa ya haɗa ido da shi. Sannan ya buɗe tafin hannunsa, Hajiya ta sa masa makullan.